Maggie Alphonsi: Shekara 11 Tana Yi Wa Ingila Wasa Ba Albashi

Da wuya a sami mutum a ƙasar nan wanda ya taɓa riƙe ƙwallon zari-ruga, wadda ta yi kama da ƙwai. Mutum goma sha biyar-biyar ke yin wasan. Ɗaya ya ɗauki ƙwallo ya ruga, abokan karawa su kuma su tare shi su kayar. Watau dai wasan ƙarfi ne, irin wanda da can ake cewa ba na mata ba ne. To, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙaryata wannan magana jinin Nijeriya ce, Margaret Alphonsi, wadda aka haifa a Lewisham ta birnin Landan ran 20 ga Disamba, 1983. Mahaifiyarta ce kaɗai ta rene ta.

Da ƙafa ɗaya a murɗe aka haife ta, sai da likitoci suka yi mata aiki. Tana da shekara 14 wata malamarta, Liza Burgess, wadda ita kanta ta yi wa ƙasar Wales wasa, ta nuna mata hanyar fili. Cikin 2003 ta fara sa rigar Ingila, tana 'yar shekara 19.

Lamba 7 take ɗauka, aikin mai wannan lamba kuwa ba na neman tafi ba ne. Shi ne ya kayar da mai ƙwallo, ya cusa kai cikin turmutsitsi ya ƙwato ta, sa'an nan ya miƙa wa wani ya je ya ci. Ga ta kuma gajeruwa. Duk da haka ta yi wasa 74, ta kai ƙwallo gida sau 28, ta kuma ci gasar ƙasashe shida na Turai sau bakwai a jere.

Kofin duniya ne ya daɗe yana wahalshe ta. Cikin 2006 Niyuzilan ta doke su a wasan ƙarshe a Kanada, 25 da 17. Cikin 2010, a gida Landan, Niyuzilan ɗin ta sake yi, 13 da 10. Maki uku kacal! Sai ran 17 ga Agusta, 2014, a birnin Faris, suka ci Kanada 21 da 9, bayan haka ta yi sallama da rigar Ingila.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi, duk waɗannan shekaru ba ta da albashin wasa, alhali kuwa maza sun fara karɓa tun 1995. Cikin waɗanda suka ɗauki kofin nan tare da ita akwai malamar makaranta, akwai likitar dabbobi, har da mai gyaran famfo, kowacce ta tashi daga aiki ta wuce horo. Lambar girma ta MBE da aka ba ta cikin 2012 abin alfahari ce, amma ba ta biyan haya. Cikin Janairun 2019 hukumar wasan ta ɗauki mata 28 aiki sosai da albashi.

Mutum dubu 13 da ɗoriya suka kalli wasan da ta sha kaye cikin 2010. Ran 27 ga Satumba, 2025, da magadanta suka sake doke Kanada, 33 da 13, mutum 81,885 suka cika filin Twickenham.