Filin Samariyar Garinmu

Ni manomi ne a wani gari na jihar Maraɗi. Shekaruna sun wuce sittin. Ina son in ba ku labarin wani fili da ke gabas da garinmu, tsakanin kasuwa da lakwal. Saboda filin nan na yi shekara biyu ba mu gaisawa da taubashina. Ku saurara ku ji yadda aka yi, don watakila akwai irinshi a garinku.

Tun asali filin gonar kawuna ce, wan uwata. Lokacin da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, an farfaɗo da samariya ko'ina cikin ƙasa. Kowane gari da sarkin samarinshi. Samarin garinmu suka ce suna son wurin taruwa, don dandalin ƙofar maigari ya yi masu kaɗan. Kawu ya ce ya ba su gefen gonarshi, wurin da ke da tsakuwa, hatsi ba ya yi sosai. An yi maganar gaban maigari da liman da dattawa. Aka yi fatiha, aka watse. Ba wanda ya rubuta komi. A lokacin, duk garin mutum uku ne suka iya boko, kuma ba wanda ya ga amfanin takarda tsakanin ƴan'uwa.

Muka yi gayya. Muka tumɓuke sabara, muka kwashe duwatsu, muka ɗauko rairayi a bisa jakuna. Ina da shekara kamar goma sha biyar. Tun daga 1975, ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar. Mu ma aka kawo mana dashen bedi, muka kewaye filin da shi. Kowane saurayi da icce ukun da zai riƙa ba ruwa har rani ya wuce. Nawa suna kusurwar arewa. Na yi masu shinge da ƙaya don awaki.

A shekarar nan ta 1975 aka fara kokowar ƙasa a Tawa. Kantu na Maraɗi ya zo na ɗaya. Mun ji a rediyo, gari ya ɗauki guɗa. Daga nan kowane yaro Kantu yake son zama. Da an gama girbi, sai kiɗa ya tashi a filinmu. Ƴan kokowa su zo daga ƙauyuka, a yi har dare. Ƴan mata su yi gaɗa idan wata ya yi haske. Da marece ƴan lakwal su buga balo, mushe na busa usur. Ran sallah nan ake sukuwa. A filin nan na fara ganin uwar ɗiyana. Ni ban taɓa zama gwanin kokowa ba. An kada ni ya fi a ƙirga, amma ban taɓa fashin zuwa ba.

A wancan lokaci an san mai kula da fili. Idan ciyawa ta fito, sarkin samari ya sa a yi shela, a nome. Idan wani ya sari icce, a kai shi gaban maigari.

Bayan babban taron ƙasa na 1991, jam'iyyu suka zo, samariya ta yi sanyi. Samari suka rarrabu, kowa da tutarshi. Da yawa suka tafi bida Najeriya da Libiya. Kawu ya rasu. Maigarin da ya yi shaida shi ma ya rasu. Fili ya zama na kowa, amma ba mai cewa komi a kanshi. Aka fara zuba shara a gefen kudu. Leda ta cika rassan bedi. Masu buga tubali suka shiga gina ramu.

Nan zan faɗi laifina. Ni ma na ɗebi ƙasa a wurin. Da zan gina ma ɗana ɗakin aure, amalanke shida na kwasa. Na ce a raina, ai kowa na yi. Damana ta zo, ramun suka cika da ruwa. Wata rana jikana, yaro ɗan shekara huɗu, ya bi balo ya faɗa cikin ɗaya. Wata mata mai dawowa daga rijiya ta yar da tulunta ta tsamo shi. Allah ya yi da sauran kwana. Da na je na duba, ramin da na gina ne da hannuna. Daren nan ban yi kwana ba.

A watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Aka kafa komin 265 cikin ƙasa, kowace da konseye da magajin gari. Garinmu ya samu tashi. Muka yi murna. Muka ce to, yanzu fili ya samu uba. Muka naɗe hannu muna jira. Ba wanda ya taka ya je ya gaya ma magajin gari cewa akwai fili. Shi kuma yana fama da rijiyoyi, da azuzuwan zana, da kuɗin lanho da ba ya shigowa. Shekaru suka wuce haka.

Wata safiya zan tafi gona, sai na ga turakun siminti a tsakiyar fili. An jera su layi-layi. Ɗaya yana gindin bedina. Na tambaya, aka ce gari ya yi girma, za a yanka filayen gidaje, abin da ƴan bariki ke ce ma lotisma. Aka ce magadan kawu sun yarda, za a ba su rabonsu cikin filayen, hukuma ta saida saura.

Babban magajin shi ne taubashina. Tare muka tashi, tare aka yi mana kaciya. Na same shi a zaure. Na ce: "Taubashi, ashe ka ci gadon samari?" Na yi zaton zai yi dariya kamar yadda muka saba. Bai yi ba. Ya ce: "Gonar ubana ce. Aro ya ba su. Ina da ɗiya goma sha ɗaya, gonar da ta rage ba ta ciyar da mu wata biyar. Ku da kuke son fili, mi kuka yi mashi in ba ramu ba?" Na rasa amsa. Maganarshi ta ƙarshe gaskiya ce.

Na yi kwana uku ina tunani. Uwata da ubanshi ciki ɗaya suka fito. Amma ina wurin ranar da kawu ya yi magana. Na ji da kunnena ya ce: "Na ba ku, har ɗiyan ɗiyanku." Bai ce aro ba.

Ran kasuwa na tafi ma'aikatar magajin gari. Ban taɓa shiga ba sai don takardar haifuwa. Sakatare ya saurare ni har na gama. Ya ce: "Baba, ina takarda?" Na ce babu. Ya buɗe babban littafi ya nuna mani. An rubuta kasuwa, da mahauta, da tashar mota, da maƙabarta. Ba a rubuta filinmu ba. Ya ce: "Abin da ba ya cikin littafin nan, mu a wurinmu gona ce kamar kowace."

Shi ne ya fahimtar da ni abubuwa uku da nike son ku ma ku riƙe.

Na ɗaya, tun 1993 akwai dokar tsarin karkara a ƙasarmu. Dokar ta kawo kwamitocin kula da filaye. Na ƙauye ana ce mashi kofob, maigari ne ke shugabantarshi. Na komin ana ce mashi kofokom. Kofob na iya rubuta takardar shaida idan an saida gona, ko an ba da ita aro, ko jingina, ko kyauta. Da mun san haka, da tun kawu na da rai an rubuta.

Na biyu, idan za a yanka filayen gidaje, ana zana taswira. Cikin taswirar ana barin wurare don amfanin jama'a: lakwal, likita, wurin itatuwa, wurin wasa. Idan ba wanda ya yi magana, wuraren nan su ne ake fara cinyewa.

Na uku, a lokacin konseye suna zama kowane wata uku, kuma talaka na iya zuwa ya zauna ya saurara. Mu da muka zaɓe su, ko sau ɗaya ba mu taɓa zuwa ba.

Na dawo gida na nemi tsofaffin samari. Mu bakwai muka rage cikin waɗanda suka ji maganar kawu. Muka samu mushen lakwal, da shugabar ƙungiyar mata, da yaran balo. Muka rubuta wasiƙa da Hausa, mushe ya juya ta da Faransanci. Ni na rubuta sunana da hannuna, don na yi karatun dare. Saura suka danna yatsa. Muka kai ma konseyen unguwarmu. Muka karɓi kwafi mai hatimi, muka ajiye.

Kafin ranar zama, muka ce ba mu zuwa da baki kawai. Muka kira gayya, irin ta da. Kwana huɗu muna cika ramu. Na fara da nawa. Mata suka share leda suka ƙone. Da ƴan kofokom suka zo dubawa, sun tarar da fili a share, yara na wasa.

Aka taru a ƙofar maigari. Aka ce in faɗi abin da na sani. Taubashina na zaune gabana. Bakina ya yi nauyi, amma na faɗa. Sauran shida suka faɗi haka. Shi kuma ya kawo hujjarshi: shekara da shekaru an bar wurin ya lalace, kuma shi ke da buƙata. Aka daɗe ana ja. A ƙarshe aka yi sulhu. Gefen kudu, inda shara take, aka bar ma magada. Gefen arewa, taki 120 a tsawo, taki 80 a faɗi, ya zama filin jama'a. Aka rubuta takarda, kowa ya sa hannu. Konseye suka amince a zamansu, aka shigar da filin cikin littafin komin. Aka tumɓuke turakun tsakiya, aka kafa su a kusurwa huɗu.

Mun rasa kusan rabi. Bedi goma sha huɗu suka tafi, aka sare su aka yi gini. Nawa biyu sun tsira.

Kada ku ce wannan matsalar ƙauye ce kawai. A Yamai an fara dasa itatuwa kewaye da birni tun 1965, don su tare iska da rairayi. Yau gidaje sun ci babban yanki na wurin. Idan haka ta faru a gaban manya, ina ga filin ƙauye da ba shi da takarda?

Yanzu ga yadda muke yi. Akwai kwamitin mutum biyar: dattijo ɗaya, mata biyu, samari biyu. Duk wanda zai yi buki ko taro a filin, yana biyan jika ɗaya, a ba shi rasit. Ana rubuta kuɗin a littafi, ana karanta shi gaban jama'a bayan kowace sallah. Da kuɗin muka sayi balo da igiya da dashe. Hukumar komin ta ba mu ƙarafunan raga, ta kuma hana buga tubali a wurin. Mun roƙi fitila mai aiki da rana, har yau ba ta zo ba. Muna komawa muna tuni.

A watan Afrilu na 2024 gwamnati ta rushe majalisun komin, ta naɗa kantomomi a madadin magaddan gari. Da sabon kantoma ya zo, muka je gaisuwa da kwafin takardarmu. Ya karanta, ya sa aka duba littafi, ya ga filin na ciki. Shugabanni na canzawa, amma abin da aka rubuta yana nan.

Taubashina ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata. Matanmu ma suka daina aika ma juna tuwo. Abin ya yi mani ciwo ƙwarai. Ban ce shi mugu ne ba. Talauci ne ya tura shi, kuma sakacinmu ne ya buɗe mashi ƙofa. Ranar da aka yi kokowar kaka, jikanshi ya shiga fili ya kada wani yaro da ya fi shi girma. Na gan shi tsaye bayan mutane, yana dariya. Na matsa na miƙa mashi goro. Ya dube ni, ya karɓa. Ya ce: "Kai dai ba ka taɓa kada kowa a nan ba." Na ce: "Na kada ka gaban maigari." Ya kai mani duka da hula. Daga ranar muka koma gaisawa, ko da yake har yanzu ba mu tada maganar gonar.

Ƴan'uwa, ku duba garinku. Ina yara ke wasa? Wa ya ba da wurin? Shaidu na da rai? An rubuta? Idan ba a rubuta ba, ku je wurin maigari tun wannan mako, ku ce a tara kofob. Ku kai kwafi ma'aikatar komin, ku ajiye ɗaya a wurin da gara ba ta kai. Kuma kada ku ɗebi ƙasa a wurin, ko amalanke ɗaya.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi bar zumunci. Wassalam.