Wane Kare Za a Kawo Gidan da Ke da Mai Tatata?

Rubutun wannan mako a kan kare ne, na kuma san tun daga nan wasu sun yatsine fuska.

A littattafanmu na hikaya wuri ɗaya kare yake da shi, wato bakin get ɗin attajiri. Yarinya 'yar talakawa ta zo neman aikatau, wasu ƙattin karnuka su taso mata, maigadi ya daka musu tsawa, shi ke nan an gama da su har ƙarshen littafi. Ba a gaya mana wa ke ba su abinci, ko inda suke kwana, ko abin da ke faruwa ranar da jikan Alhaji ya rarrafa wajensu. Mu da muka tashi a ƙasar Gaya da Ajingi kuwa mun san kare a wani matsayi dabam. Yana bayan mafarauci in an fita daji da rani, yana gefen garken Fulani, yana kwance ƙarƙashin rumbu a gidajen gona. Ba a shafa shi, ba a sa shi a ɗaki, amma an san ranarsa.

Yayana yana zaune a gefen garin Ajingi, gidansa ne na ƙarshe kafin gonaki. Sana'arsa turkar raguna: ya sayo su a rame a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya yi wata da watanni yana ba su dusa da harawa, ya fitar da su lokacin layya. Bara, saura mako uku Babbar Sallah, aka haura masa cikin dare aka kwance biyu mafiya girma. Rabin jarin ma ba nasa ba ne, bashi ne. Da ya gama biyan mutane sai ya ce shi kam kare zai ajiye. Matarsa ta ce ranar da kare ya shigo gidan, ranar ita da 'yarta za su kwana a gidansu a Kademi. Yarinyar ba ta cika shekara biyu ba a lokacin, tatata take yi, kuma duk abin da ya motsa a gabanta sai ta damƙe shi. Kajin gidan ma sun san ta, da sun hango ta suke watsewa.

Maganar addini aka fara kashewa, don ita ce mai sauƙi. Yaya ya tari limamin unguwa bayan sallar la'asar, ya ce, "Allah gafarta malam, ya halatta in ajiye kare saboda raguna?" Malam ya ce hadisi ya yi togaciya ga karen farauta da na kiwo da na gona, wanda ya ajiye don wanin haka ne ladansa ke raguwa kullum. Ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, duk da an yi umarni da wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai. Har ya ba mu labarin da malamai ke bayarwa na Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, cewa shi kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron miyagu. Sharaɗin malam shi ne kada ya shiga ɗakunan kwana, kada ya addabi maƙwabta da masu wucewa, kuma a ciyar da shi. Da Yaya ya kai wa matarsa wannan fatawa yana murna, sai ta ce, "Malam ya yi maganar halas da haram, amma bai yi maganar haƙori ba."

Daga nan aka ɗora mini bincike. A gidanmu duk wanda ya yi difloma a poli, ko a kan me ya yi ta, an ɗauka shi ne likita, shi ne lauya, shi ne mai gyaran waya.

Yaya ya riga ya cika wayarsa da hotunan karnukan da ake tallatawa a Facebook daga Kano da Abuja. Akwai wanda muke kira karen 'yan sanda, ɗan asalin Jamus, wanda aka fara ware jinsinsa a 1899 don kiwon tumaki. Yana da kaifin fahimta, amma yana son aiki da horo kullum, in an ɗaure shi ba abin yi sai ya zama fitina. Akwai Rotwaila, shi ma na Jamus. Akwai Burbul na Afirka ta Kudu, wanda ƙosasshensa kan haura kilo 60. Sai wanda ya fi ɗaukar hankalin Yaya, Kokeshiyan, mai gashi buzu-buzu kamar zaki. Wannan an samar da shi ne a tsaunukan da ke tsakanin Rasha da Jojiya don ya kori kerkeci cikin dusar ƙanƙara. Ku auna shi a Ajingi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce maki 40, a gidan da ba a ganin wutar lantarki sai jefi-jefi. Ban da kaska, ban da abincin da zai ci, wanda ya isa ya cinye ribar rago guda kafin Sallah ta zagayo.

Ni abin da na fi dubawa nauyi ne. Yarinya 'yar shekara biyu ba ta wuce kilo 12 ba sosai. Karen da ya ninka ta sau huɗu ko biyar ba sai ya yi niyyar sharri ba, murna kawai zai yi ya ture ta a kan turmi. Kuma tsayinta daidai bakinsa yake. Babban mutum in kare ya cije shi a ƙafa ne ko a hannu, ƙaramin yaro kuwa a fuska ne da wuya da kai. Masu lura da irin waɗannan raunuka sun daɗe suna faɗin cewa yawancin ƙananan yara ba karen titi ne ke cizon su ba, karen da suka sani ne, a gida, lokacin da yake cin abinci ko yana barci, ko aka ja masa kunne ko wutsiya.

Mai talla zai ce maka jinsi kaza "yana son yara". A 2022 mujallar Science ta wallafa wani bincike da aka yi a Amurka a kan karnuka sama da 18,000, aka gano jinsi ba ya bayyana fiye da kusan kashi 9 cikin 100 na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Jinsi zai gaya maka girman da kwikwiyo zai yi da irin gashinsa. Ba zai ba ka tabbacin abin da zai yi ba in yaro ya sa hannu a kwanonsa. Balle a nan, inda kwikwiyon da aka turo maka hotonsa ba ka ga uwarsa ba, ba ka ga ubansa ba, sai dai abin da mai sayarwa ya ce.

Wanda ya warware mana maganar bai taɓa jin sunan mujallar ba. Wani tsohon mafarauci ne a ƙauyen da ke kusa da Toranke, abokin marigayi mahaifinmu. Muka same shi a gindin darbejiya da karnuka huɗu kwance kewaye da shi, sirara, masu dogayen ƙafafu da gajeren gashi, irin namu na gida da rana ba ta dame su ba. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, a cikin karnuka wane iri ne ya fi dacewa da gidan da ke da ƙaramar yarinya?"

Ya ce, "Ɗana, ni ban san iri ba. Uwa na sani."

Yaya ya nuna wata jar karya mai 'ya'ya biyar, wadda kowa a yankin ya san ta a farauta. Baba ya girgiza kai. Ya ce wannan duk abin da ya ruga a gabanta nama ne, haka ta gada, haka za ta gadar. Yarinya mai gudu tana ƙara, a idon irin wannan kare ba ta da bambanci da zomo. Ya ce ko kyauta ba zai ba mu ɗanta ba, don ba zai iya haɗa ido da mahaifinmu gobe kiyama ba. Sai ya tashi ya kai mu gidan maƙwabcinsa, manomi, inda wata karya baƙa take kwance ƙarƙashin rumbu, awaki na tsallake ta, yara na wasan langa a gefenta, ko kai ba ta ɗaga ba. Amma da muka matso, mu baƙi, sai ta miƙe ta yi haushi har sai da maigidan ya yi mata magana ta koma ta kwanta. Baba ya ce, "Kun gani? Haushi kuke nema, ba cizo ba. Ɓarawon rago surutu yake tsoro."

A cikin 'ya'yanta ya hana mu ɗaukar wanda ya fara rugowa yana cizon bakin wando, ya hana mu wanda ya maƙale a lungu yana rawar jiki. Ya zaɓi wata 'yar mace da ta zo a hankali ta shinshina hannu ta zauna. Sannan ya ce mu tafi, sai ta cika wata biyu a wajen uwarta mu dawo. Wannan ma ya yi daidai da abin da likitocin dabbobi ke faɗa: kwikwiyo a wajen uwarsa da 'yan uwansa yake koyon sassauta cizo, kuma abin da ya saba da shi kafin wata uku, mutane ne ko awaki ko hayaniyar yara, shi ne ba zai tsorata da shi ba in ya girma.

Inda karen gida ke da rauni, kuma nan ne matar Yaya take da gaskiya ɗari bisa ɗari, shi ne allura. Wanda ya sayi kare da tsada yana rawar jiki ya kai shi wajen likita. Wanda aka ba shi kyauta a ƙauye sai ya ce ai kare ne kawai, ya sake shi yana yawo yana haɗuwa da kowane irin kare a juji. Ciwon haukan kare bai san tsada ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi. Cizon da ya fi kusa da kai ya fi saurin kai cutar ƙwaƙwalwa, ga shi mai tatata ba ta da bakin da za ta ce an yakushe ta ko an lashi ƙurjinta. Abin takaicin, rigakafin ba daga nesa yake ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu sarrafa allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. In kuma tsautsayi ya faɗa, ko da 'yar yakusa ce, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba na minti 15, a nufi asibiti a ranar, ba a tsaya tofi da shafe-shafe ana jiran a ga abin da hali zai yi ba.

Da wannan aka zauna sulhu, a gaban Inna, don ita kaɗai ce su biyun ba sa katsewa. Aka ja katangar ƙasa tsakanin turken raguna da tsakar gida, aka sa ƙyaure mai sakata a sama. Karyar tana can ɓangaren raguna, da rumfarta da kaskon ruwanta, ba ɗaure da sarƙa a rana ba, don karen da ya wuni a sarƙa shi ne mafi saurin cizo. Abincinta sai bayan isha'i in yarinya ta yi barci. Kashinta a kwashe kowace safiya, a kuma riƙa ba ta maganin tsutsa, saboda yaro mai cin ƙasa ta nan yake ɗauka. Na ƙara musu abu ɗaya da na karanta: in ta yi gurnani kada a doke ta, a janye abin da ya dame ta, don karen da aka hana gurnani shi ke cizo ba gargaɗi. Yarinya kuwa ba ta ganin ta sai a kafaɗar ubanta. Matar Yaya ta kafa nata sharaɗin a gaban kowa: "Inna, ki zama shaida. Ranar da lokacin allura ya wuce ba a yi ba, ranar za ta koma Toranke."

Yanzu karyar tana wata bakwai. Sau biyu ta tashi gidan cikin dare, na farko jakin maƙwabci ne ya kwance, na biyun ba a ga kowa ba sai sawun takalmi a bayan katanga da safe. Katin allurarta yana cikin gwangwanin da matar Yaya ke ajiye katin rigakafin yarinyar, ko da yake har yau ba ta taɓa kiran ta da wani suna ba sai "waccan abar".

Makon jiya da na je, na tarar yarinyar ta jawo kujerar tsugunno ta kai bakin ƙyauren, ta hau, tana miƙa hannu. Saura kamar taƙi ɗaya ta kai sakatar. Uwarta ta sauke ta, ta ɗauke kujerar, ta leƙa soro ta ce wa Yaya in ya je Wudil ranar Juma'a kada ya dawo ba kwaɗo.