Daga Apapa Zuwa Kano a Gaban Tanka

Sayayya ce ta kai ni Legas, niyyata kuma in juyo Kano a bas kamar kullum. Sai na ga wani mutum a Apapa yana sallar la'asar a zaune a gindin tayar tanka, ya miƙe ƙafafu sun kumbura suntum. Da ya sallame na gane shi. Ɗan unguwarmu ne, sa'an yayana, wanda a da yake sungumar buhun gero shi kaɗai. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce, "Baya ne, ƙanena. Ruku'u ya gagare ni." Nan take na roƙe shi ya bar ni in bi shi gida a motarsa.

Duk mai zagin direban tanka ya fara zuwa Apapa tukuna. Motoci ne jere tun daga bakin daffo har wajen Ijora, kowa na jiran lodi, kuma ba wanda ya san ranar da layi zai zo kansa, saboda haka ba mai yin nisa da motarsa. Nan ake ci, nan ake kwana, banɗaki sai dai gefen kwata. Yaran mota su shimfiɗa kwali ƙarƙashin tanki, sauro na cizo, warin fetur na hawa kai. Ni na kama ɗaki a wani masauki: ba taga, katifa duk kuɗin cizo, janareton maƙwabta na hayaƙi har asuba, a kuɗin da a Kano zai ba ka ɗaki mai fanka da ruwan wanka. Abincin kuma manja da barkono, ga mutanen da yawancinsu ke kukan gyambon ciki. Abin da ya fi damuna shi ne masu tallan da ke bin motoci da giya a 'yar leda da ƙwayar tramol. Yaya ba ya taɓa su, goro da baƙin shayi ne nasa, amma yaron motarsa ya ce da yawa da ƙwayar suke korar barci.

Me ya jawo wannan azaba? Bututun da aka shimfiɗa don kai mai daffo-daffon Arewa sun daɗe ba sa aiki yadda ya kamata, matatar Kaduna kuma tana kwance. Don haka man da muke sha a Kano bisa taya yake zuwa, tafiyar kilomita kusan 1,000.

Muka ɗauko lita 45,000. Ibadan, Ogbomosho da Ilorin ba wani labari. Bayan gadar Jebba ne na fara kallon aikin da idona. Mai ba siminti ba ne, motsi yake yi a cikin tanki, kowace kwana sai ka ji ya ja motar gefe. Yaya ya damƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito raɗa-raɗa, bakinsa na motsi da addu'a, in taya ta faɗa rami sai ya cije leɓe saboda bayan. Waya kuma ba ta hutawa, mai mota na tambaya, "Kana ina?" Ya ce mini in aka sauke mai aka ga ya yi giɓi, daga haƙƙinsa ake cirewa. Wanda ke ɗauke da wannan a rai, ina zai ga barci?

A Mokwa muka yada zango wurin wani dattijo Banufe mai shayi, kusa da masallaci. Ganin tafiyar Yaya kawai ya yi, ya sa yaro ya dafa ruwa, aka gasa masa ƙafafu da baya, aka shafa man zafi, ya shimfiɗa mana tabarma a rumfarsa. Da safe ya karɓi kuɗin shayi da burodi, na sauran ya ce Allah ya kai mu lafiya. Allah ya saka masa. Ya tuna mini kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro: kowane zango da rijiyarsa, da mai masaukinsa, da wurin ɗaure jakuna. Mu muka san darajar matafiyi tun fil'azal. Yau mai ɗauke da kayan da ƙasa duka ta dogara a kansu sai ya dace da mutumin kirki kafin ya miƙe bayansa.

Muka bi ta Bida da Lapai muka fito Lambata. Da muka doshi mahaɗar Dikko Yaya ya yi tsit. A nan tanka ta faɗi a watan Janairun 2025, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta ci fiye da mutum 80. Kafin nan, a Oktoban 2024, an rasa sama da 150 a Majiya ta Jigawa. Sai da muka wuce ya ce, "Ƙanena, matata ta ce ihu nake yi cikin barci. Wuta nake gani." Hawan jini ya kama shi, sunan autarsa ma ta waya ya ji. Bai taɓa gaya wa likita maganar mafarkin ba, don a ganinsa ba ciwo ba ne. Ni na ce ciwo ne, kuma yana da magani.

Daga Tafa zuwa Kano hanya ce da kowa ya sani, muka iso lafiya.

Gwamnati ta hana tankoki masu lita 60,000 lodi tun Maris na 2025, kuma ta kyauta. Saura direban. Ina roƙon masu motoci da reshen direbobin tanka na ƙungiyar NUPENG su sa direba biyu a doguwar tafiya, su gina wuraren hutawa a Mokwa da Tafa masu banɗaki, da ɗakin kwana, da ma'aikacin lafiya mai awon jini da sauraron damuwa.