Takardun Baba da na yaɗa ba da saninsa ba

Da gwaji ya nuna Baba na da hawan jini da ciwon suga, sai na saka masa wata manhajar ganin likita a waya. Na ɗauki hoton takardun asibitinsa gaba ɗaya na ɗora, har da wadda ta shafi matsalar fitsari da bai taɓa faɗa wa ko yayyena ba. Wurin amincewa da sharuɗɗa na danna a madadinsa, ban karanta ba. Daga baya, don 'yan'uwa su taimaka da kuɗin magani, na tura hotunan zuwa zauren WhatsApp na gidanmu.

Da labari ya iske shi, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni da likitana muke magana, ƙofa a rufe. Yanzu su wa da wa suka gani?" Na ce, "Baba, zamani ne, kowa haka yake yi." Wannan amsar ta fi tura hotunan muni, domin na mayar da tambayarsa tsoron tsoho ga abin da bai saba da shi ba.

Tambaya ce mai tushe. Baba ɗan kasuwa ne da ke karɓar kaya bashi bisa amana. In aka fara cewa jikinsa ya ƙi, wasu za su janye. Yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba, kuma ya ga yadda zancen ciwo a gida ke bin yarinya har wurin neman aurenta. Ni ban yi tunanin ko ɗaya ba.

Kamfanonin da ke riƙe irin waɗannan bayanai ma ba su fi ƙarfin ɓaraka ba. A 2020 aka gano an sace bayanan dubban marasa lafiya daga Vastaamo, cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Finland. Ɓarawon ya riƙa aika wa mutane saƙo ɗaya bayan ɗaya, su biya ko ya wallafa sirrin da suka faɗa wa likitansu. Kamfanin ya durƙushe a 2021, amma bayanan sun riga sun bazu.

A nan Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majiyyaci sirri ne, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Izinin da doka ke nufi kafin a bayyana bayanan, na mai ciwon ne. Ni na ba da shi da yatsana, alhali Baba yana raye, da hankalinsa.

Na nemi gafararsa, ya yafe. Ya yarda ya ci gaba da magana da likita ta waya, da sharaɗin shi zai zaɓi takardar da za a tura, kuma in karanta masa komai da Hausa kafin a danna. Na rubuta wa masu manhajar su goge tsofaffin takardun. Na zauren gida kuwa, na goge nawa, amma sun riga sun sauka a wayoyin surukai da jikoki, ba ni da hanyar dawo da su.