Bangon da ba shi da tabo

Ya kai mai karatu, ka taɓa tsayawa ka dubi bangon gidanku da kyau? Ni magini ne a Tasawa. Na tsufa ina yaɓe, amma jikana ne ya sa na sake duban bango.

Ga yadda abin ya faru. A shekarar 2021 muka ji a rediyo an fara aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maradi. Yaron ya ce mini: "Kaka, yaya tashar jirgi take?" Bai taɓa gani ba, don jirgi bai taɓa ratsa yankinmu ba. Kano kuwa tun 1911 ya iso ta. Ni can na gan shi, lokacin da nake zuwa cin rani.

Na ce gani ya kori ji, bari in yi mishi ƴar ƙarama. Turawa ma suna wannan wasa. Sukan ƙera jirgi da gidaje, su rage girmansu sau 87. Mutum a ciki bai wuce gaɓar yatsa guda ba.

Na samo kwali, na yanka, na haɗa tasha da gidaje huɗu. Yaron ya duba, ya yi dariya. Ya ce: "Kaka, wanga ai kwali ne, ba gida ba!" Wallahi na ji kunya. Gaskiyarshi, bangon sumul yake, ba tabo ko ɗaya.

Sai na ja shi muka je bayan tsohon zaurenmu. Na ce ya faɗa mini abin da ya gani. Ya ga shatin yatsun mai yaɓe. Ya ga ramno yana leƙowa daga cikin ƙasa. Ya ga baƙin zane ƙarƙashin indararo, inda ruwa ke zuba. Ya ga gindin bango ya zaizaye, inda damina ta ci, awaki suka goga.

To, ga yadda muka yi, ko kai ma za ka gwada. Mun tankaɗe jar ƙasa da rariya, don tsakuwa guda a ƙaramin bango kamar dutse take. Mun jiƙa ƙaro, muka kwaɓa ƙasar da ruwanshi don ta kama kwali. Mun daka busasshiyar ciyawa ta yi laushi, ta zama ramno. Kafin yaɓen ya bushe, muka yi shatin hannu da bakin tsinke.

Azara kuwa, tsinken kaba muka sa. Kaba ba ta wuya a nan, ga goruba cike da Gulbin Kaba, can wajen Mayahi. Rufin tasha, gwangwanin tumatir muka buɗe, muka ja layuka da ƙusa, ya zama kwano. Muka shafa mishi jar ƙasa kaɗan, kamar tsatsa. Zanen ruwa, gawayi muka jiƙa. Kada ka cika shi. In ya yi yawa, ya ɓaci.

Da muka gama, kakarshi ta zo wucewa. Ta tsaya ta ce: "Kai, wanga ai zauren Baba ne!"

Ba jirgin ne ya dame ni ba, ɗan'uwa. Yau kowa siminti yake so. Yaran yanzu da yawa ba su san makuba ba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa don kada ruwa ya ci bango. Hannuna ya fara rawa. In na tafi, wa zai yi yaɓe?

Bana, kafin ruwa ya sauka, na fito gyaran zaure. Ban kira kowa ba. Sai ga yaron ya zo da kwaryar ruwa, ya naɗe hannun riga. Kai ma, in kana da sana'a, kada ka raina wasan yaro. Zauna kusa da shi.