Jirgin da nake kai Baba Jidda



Ban taɓa shiga jirgin sama ba, amma na shekara takwas ina tuƙa shi a kwamfuta, a ɗakina a nan Daura, cikin wasan Flight Simulator X na 2006. Wani bawan Allah ne ya ƙera DC-10 mai fentin Nigeria Airways, kore da fari, ya sa kyauta a intanet, na sauke na haɗa da wasan. A jirginsu Baba ya je Hajji, tun kafin kamfanin ya durƙushe a 2003. Yakan zauna gefena ya ce, "Ɗauke ni daga Kano, kai ni Jidda."

Baba ya rasu shekara biyu ke nan, Allah Ya jiƙansa. Bara kuma kwamfutar ta ƙone. Na nemi shafin mutumin nan, babu shi babu labarinsa.

Sabon wasan na 2020 ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma jirginmu ba ya ciki. Na haƙura da nema. Littafi na saya, ina rubuta tafiye-tafiyenmu ɗaya bayan ɗaya. Jiya na kai ranar da na kifar da jirgin a Jidda, Baba yana salati yana dariya.