Wasiƙa Daga Landan: Tsohon Turancin Da Masu Shi Suka Ajiye

Zuwa ga 'yan uwa na Yauri, Ngaski da Shanga,

Ina so mu yi magana kan Turancin takardun hukuma. A nan Ingila, wasiƙar da asibiti ko ƙaramar hukuma ke turowa gida gajera ce: ga abin da ake so, ga rana, ga lambar waya. Kalmomi irin su "aforementioned" da "hereinafter", wato wanda aka ambata a baya da abin da zai biyo a takarda, sun koma kundin lauyoyi. Da gangan aka yi haka. A 1979 Chrissie Maher ta yayyaga tarin fom na gwamnati a dandalin majalisa, ta kafa ƙungiyar neman sauƙaƙa Turanci. A Afrilun 1999, bayan rahoton alƙali Woolf, kotunan ƙararrakin jama'a suka yar da "writ" da "plaintiff", suka ɗauki kalmomin da kowa ke ganewa.

Mu kuwa har yau muna riƙe da kayan gadon. Mutanen bakin tafkin Kainji sun fi kowa sanin nauyin takarda, domin ginin madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968 ya tayar da mutane fiye da 40,000, har da Gungawa da ruwa ya cinye tsibiransu. Don ganin misalin tsohon Turancin nan, dubi dokar filaye ta 1978. Ta ce in gwamnati ta karɓe fili, ana biyan diyyar "unexhausted improvements". Ma'anarta gini, rijiya, shinge, itatuwan da aka dasa da aikin ban ruwa, ban da ita ƙasar kanta. Manomin albasa da ya dangwala yatsa bai san wannan ba, zai zaci kuɗin gonarsa za a ƙirga masa.

Lauyoyi za su ce tsofaffin kalmomin nan kotuna sun daɗe da tantance ma'anarsu, canza su zai buɗe ƙofar gardama. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma shari'a ba ta rushe a Ingila ba bayan 1999, kuma yarda ba ta cika sai mutum ya san abin da ya yarda da shi. Wasu kuma za su ce to yara su daina wahalar koyonsu. A'a, muddin suna cikin dokokinmu, ɗalibin da ya san su garkuwa ne ga iyayensa.

Don haka ina roƙon masarautar Yauri da ƙananan hukumominmu su nace cewa duk takardar fili, diyya ko lasisin kamun kifi ta zo da bayani cikin Hausa. Ku kuma, kada ku sa hannu sai an karanta muku, kun fahimta.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Landan.